Tarihin Rowland Bingham, Saurayin Da Ya Kafa Mishan Ɗin SIM Ba Tare Da Jari Ba

Duk ɗan kasuwar da ke bin babbar hanya daga Birnin Ƙonni zuwa Maraɗi ya san Galmi. In bai san ta don albasa ba, to ya san ta don asibitin mishan, inda marasa lafiya ke zuwa daga Tawa da Madawa, har ma daga ƙetaren iyaka, daga Illela da Sakkwato. Haka nan waɗanda fatauci ke kai su Nijeriya sun san asibitin ido na mishan da ke Kano, da kuma asibitin Jankwano na garin Jos. Waɗannan wurare duk rassa ne na itace guda, wato ƙungiyar Sudan Interior Mission da aka fi sani da SIM. A yau za mu kawo muku tarihin wanda ya dasa wannan itace, mutumin da ya rasu tun ba a buɗe ko ɗaya daga cikin asibitocin nan ba, wanda kuma sau biyu zazzaɓi yana korarsa daga Afirka.

An haifi Rowland Victor Bingham ranar 19 ga watan Disamba na shekarar 1872, a wani gari da ake kira East Grinstead a kudancin Ingila. Yana da shekara 13 mahaifinsa ya rasu, ya bar uwa da ƴaƴa da yawa ba wata dukiya, don haka dole yaron ya shiga neman na kansa tun bai gama ƙuruciya ba. Yana ɗan shekara 15 ya haɗu da ƴan ƙungiyar Salvation Army, wato Rundunar Ceto, masu wa'azin Kirista a bakin titi da ganguna da tufafi irin na soja, kuma a hannunsu ne ya riƙi addini da gaske. Mahaifiyarsa tana da ɗan kanti, cikin hajarta har da taba. Shi kuwa sai ya ga zuciyarsa ba ta yarda ya ci gaba da sayar wa mutane taba ba, wannan na daga cikin abin da ya raba shi da gida. Yana ɗan shekara 16 ya hau jirgin ruwa zuwa Kanada.

A Kanada ya yi wa Rundunar Ceto aiki na ɗan lokaci, daga bisani ya bar su ya zama mataimakin wani fasto mai suna John Salmon a birnin Toronto. A can ne cikin shekarar 1893 ya haɗu da wata dattijuwa ƴar asalin Sikotilan, Margaret Gowans, wadda ƴarta ta riga ta tafi ƙasar Sin aikin mishan, ɗanta Walter kuma ya ƙwallafa rai a kan ƙasar Sudan. Ta gayyaci Bingham gidanta, ta baje masa taswira, ta yi ta ba shi labarin wannan ƙasa har abin ya shige shi. Sai dai mai karatu ya lura, ba Sudan ta Khartum ake nufi ba. A bakin Larabawa da Turawan wancan zamani, Sudan ita ce duk ƙasar baƙar fata da ke kudu da Sahara, tun daga Senegal har kogin Nilu, kuma ƙasar Hausa da Barno su ne tsakiyarta. Lissafin da ƴan mishan ke yi a lokacin shi ne akwai mutum miliyan 60 zuwa 90 a wannan yanki, kuma ba mai wa'azin Kirista ko ɗaya zaune a cikinsu.

To a nan ne maganar kuɗi ta shigo, wadda ita ce ƙashin bayan wannan tarihi. A zamanin, saurayin da ya ji yana da kiran tafiya wa'azi wata ƙasa yakan je gun ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin majami'u, su gwada shi, in sun yarda da shi su biya masa kuɗin jirgi su yanka masa albashi. Kamar dai yaron da ubangidansa ya ɗaura wa kaya ya ba shi guzuri ya ce je ka kasuwa kaza. Walter Gowans ya bi ƙungiyoyin Amurka da Kanada ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta karɓe shi. Ya ƙetara Ingila, nan ma haka. Dalilansu biyu ne, rashin kuɗi da kuma tsoron ciwo, domin a lokacin kabarin Turawa ake yi wa Afirka ta Yamma laƙabi. In za mu faɗi gaskiya, ƙungiyoyin nan ba su yi wauta ba, abin da suka hango shi ne ya faru. Amma Bingham, yana ɗan shekara 20, ba ubangida ba jari, cikin ƴan makonni ya tattara abin da abokai suka taimaka masa da shi ya bi Gowans Ingila. Na ukunsu shi ne Thomas Kent daga birnin Buffalo na Amurka, abokin karatun Gowans.

Ranar 4 ga watan Disamba na 1893 suka sauka a Legas. Turawan mishan da suka tarar a can ba su ƙarfafa musu gwiwa ba. Shugaban mishan ɗin Methodist ya gaya musu a fili cewa su kam ba za su ga Sudan ba, ƴaƴansu ma haka, sai dai ko jikokinsu. Ɗan kuɗin da ke hannunsu bai isa ya ɗauki ƴan dako ya sayi kayan tafiya ba, ga shi kuma a cikin ƙasa ba a san kuɗin Bature ba, wuri ne da tufafi ke ciniki. Sai suka shiga sayar da kayan jikinsu. Tarihin ƙungiyar ya nuna cewa gudummawar da ta fid da su daga wannan ƙangi, mafi yawanta daga wata mai aikin gida ta fito, wadda ta sami ɗan gado ta aiko da shi gaba ɗaya. Za mu ga cewa irin waɗannan ƙananan mutane su ne suka riƙe SIM har ta girma, ba attajirai ba.

Ya kamata mu duba ƙasar da samarin nan suka nufa. A shekarar 1893 Sarkin Musulmi Abdurrahman ne ke kan gadon Sakkwato. A wannan shekarar ce yaƙin basasa ya ɓarke a Kano tsakanin Tukur da Yusufawa, a cikinta ne kuma Rabe ya ci Kukawa ya rushe mulkin Shehunan Barno. Damagaram tana da sarkinta da bindigoginta, Faransawa ba su iso ba sai 1899. Ƙasa ce mai sarakuna da alƙalai da malamai da kasuwannin da ayari ke zuwa tun daga Tarabulus da Gwanja, ba daji ba ne kamar yadda ake zana ta a majami'un Toronto. Samarin nan uku ba su iya Hausa ba, ba su da madugu, ba su san zango ba, ba su san wanda ake gaisarwa kafin a wuce ba. Ba bafataken da zai yarda ɗansa ya yi irin wannan tafiya. Baƙo ko da ido makaho ne.

Tun a Legas zazzaɓin cizon sauro ya kayar da Bingham, sai aka shirya shi ya zauna bakin teku yana karɓar wasiƙu da aika kaya, sauran biyun su shiga ƙasa. Gowans ya yi nisa har ya faɗa hannun rundunar Sarkin Sudan na Kontagora da ta fito hari, inda ya yi asarar kayansa. Ya kai Zariya a galabaice, a kan hanyar komowa ya rasu a garin Girku cikin watan Nuwamba na 1894. Kent kuwa ya rasu a Bida cikin watan Disamba na shekarar. A 1895 Bingham ya koma Kanada shi kaɗai, da ɗan abin da ya rage na kayan Gowans don ya miƙa wa mahaifiyarsa. Dattijuwar ba ta zarge shi ba, ta nuna masa cewa ta gwammace ɗanta ya mutu a can a kan abin da ya yi imani da shi, da ya zauna gida ya ɓata rayuwarsa. Har ƙarshen ranta tana cikin masu tara wa aikin addu'a da kuɗi.

Shi Bingham abin ya girgiza shi ƙwarai. Ya tashi cikin mutanen da ke koyar da cewa mai cikakken imani zai sami waraka daga Allah kai tsaye, ga shi kuma ya bar abokai biyu a ƙasa. Ya ɗauki shekaru yana juya wannan magana, har a 1921 ya wallafa littafi mai suna The Bible and the Body, inda ya nuna cewa shan magani da zuwa gun likita ba su saɓa wa imani ba. Muna ganin duk wanda aka taɓa yi wa aiki a Galmi ya ci moriyar wannan sauyin ra'ayi. A tsakanin nan ya koyi ɗan aikin likita a wani asibiti a Cleveland, ya yi karatun Littafi Mai Tsarki a New York, ya riƙe wata majami'ar Baptist a garin Newburgh. A 1898 ya auri Helen Blair, kuma a shekarar ce ya samu ya haɗa ƴar majalisa a Toronto wadda za ta tsaya wa aikin.

A 1900 ya sake ɗaura niyya, ya sauka Legas da samari biyu. Cikin ƴan makonni zazzaɓi ya sake kayar da shi, aka ɗauke shi aka sa a jirgi zuwa gida. Abokan tafiyar da suka ji irin labaran da ake ba su a Legas, sai suka biyo jirgi na gaba. Mai karatu ya auna wannan hali da ma'aunin kasuwa. Mutum ya karɓi kuɗin jama'a sau biyu, shekara bakwai ana abu ɗaya, ribar da zai nuna ita ce kabari biyu, ba gida ko ɗaya da aka kafa, ba mutum ko ɗaya da ya karɓi wa'azin. Da wane ido zai koma gaban mutanen nan ya ce su sake ba shi? Shi da kansa ya ɗauki wannan lokaci a matsayin mafi duhu a rayuwarsa. Amma ya koma ɗin, kuma abin da ya gane shi ne jikinsa ba na Afirka ba ne. Aikinsa shi ne ya zauna gida ya nemo mutane da guzurinsu, wasu su yi tafiyar.

Ayari na uku, mutum huɗu, ya tashi a 1901, kuma a 1902 suka kafa gidan mishan na farko a Patigi, ƙasar Nufe, a bakin kogin Kwara. Ba wai waɗannan sun fi na farko ƙarfin zuciya ba ne, zamani ne ya sauya. Ingilishi sun ci Bida da Kontagora a 1901, suka ci Kano da Sakkwato a 1903, hanya ta buɗe da bakin bindiga. Wannan gaskiya ce da ba ta ɓoyuwa, ƴan mishan sun shigo ne a inuwar mulkin mallaka, ko da yake su da ƴan mulkin ba kullum suke shiri ba. Sannan a 1897 likita Ronald Ross ya tabbatar da cewa sauro ne ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓi. Duk da haka cikin shekara biyu ɗaya daga cikin huɗun ya rasu, biyu ciwo ya mayar da su gida, saura A. W. Banfield, wanda daga baya ya fassara Littafi Mai Tsarki da Nufanci.

Wanda ya tsayar da aikin da ƙafafunsa shi ne Andrew Stirrett, mai kantin magani a Toronto, wanda ya sallama dukiyarsa ga mishan ya taho a 1902 yana da shekara 37. Shi ya matsa wa ƴan uwansa su riƙa shan kwinin kullum, mace-mace suka ragu. Hausawa suka sa masa suna Bature Mai Magani. A Wushishi yakan je zangon fatake da yamma ya yi musu wa'azi da Hausa, domin ya lura cewa abin da bafatake ya ji a zango, shi zai kai garin da Bature bai taɓa takawa ba. Yana cikin waɗanda suka yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki da Hausa tare da Likita Miller na Zariya, wadda aka buga a 1932. Ya rasu a Jos a 1948.

Yanzu bari mu koma kan yadda Bingham ya riƙa samo kuɗi, domin nan ne gwanintarsa take. Da farko sunan ƙungiyar Africa Industrial Mission, kuma tunaninsu shi ne ƴan mishan su yi noma da sana'a su ci da kansu. Wannan dabara ba ta yi ba, wanda ya zo wa'azi bai iya gasa da manomin ƙasa ba, sai aka yar da ita a 1905. Sun ɗan haɗe da wata ƙungiya mai suna Sudan United Mission a 1906, ba a daɗe ba aka rabu, suka ci gaba da sunan SIM. Tsarin da suka zauna a kai shi ne irin na Hudson Taylor, wanda ya kafa mishan ɗin cikin ƙasar Sin a 1865. Ba wata majami'a guda da ta mallaki ƙungiyar, Baptist da Presbyterian da Methodist duk suna shiga. Ba a yi wa kowa alkawarin albashi. Ba a cin bashi, in kuɗin gini bai taru ba, gini ya jira. Abin da ya shigo na ciyar da ma'aikata kuwa tukunya ɗaya ake zubawa a raba daidai, likita da malamin makaranta, tsohon hannu da sabon zuwa. Watan da aka samu da yawa kowa ya ji daɗi, watan da aka samu kaɗan kowa ya ɗaure ciki.

Saurayi ko budurwar da ke son tafiya, bayan an gwada shi an karɓe shi, sai ya bi majami'u da gidajen ƴan uwa da abokai yana bayyana kiransa, har a samu masu ɗaukar nauyin kuɗin jirgi da kayansa, da masu alkawarin aiko da wani abu a kai a kai. Shi kuma wajibinsa ne ya riƙa rubuto musu wasiƙa yana faɗin abin da ake ciki. Wanda ya san yadda amana ke tafiya tsakanin mai kaya a Kano da wakilinsa a Maraɗi zai gane wannan tsari, domin ba takardar kotu a ciki, ranar da labari ya yanke ko aka ji ƙarya, ranar kuɗi ke yankewa. Don kada labari ya yanke, tun 1904 Bingham ya karɓi wata mujalla wadda daga baya ta zama The Evangelical Christian, ya riƙe ta har mutuwarsa. A 1912 ya kafa kamfanin buga littattafai. A 1924 ya buɗe wurin taron shekara-shekara a bakin tafkunan Muskoka na Kanada, inda jama'a ke zuwa hutu su saurari ƴan mishan da suka dawo, daga nan wasu su ba da kuɗi, wasu su ba da kansu. Ya kuma buɗe gidan renon ƴaƴan ƴan mishan a garin Collingwood, aka sa masa sunan Gowans. Wannan gida yana tuna mana wani farashin da ba a rubutawa a littafin kuɗi, wato yaran da suka yi shekaru ba su ga iyayensu ba.

Abin mamaki, ƙasar Hausa da aka yi duk wannan wahala dominta ta daɗe a rufe gare su. Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, don haka gwamnatin Ingilishi ta hana mishan zama a garuruwan sarakunan Musulmi. Sai SIM ta juya wajen ƙabilun da ke bin addinin gargajiya, ta kafa gida a Egbe a 1908, sannan Kwoi da Kagoro da Miyango da sauransu, kuma a can ne majami'unta suka yi yawa. Ba su sami izinin zama a Kano ba sai 1933. Ƙofar da ta buɗe musu sosai ita ce ta jinyar kutare, lokacin da aka danƙa musu wuraren jinya na Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato, a ƙarshen shekarun 1930.

A wannan gefe na iyaka kuwa, sun iso Damagaram a 1924, lokacin tana babban birnin mulkin Faransawa kafin a mayar da shi Yamai, sannan suka zauna a Tsibiri kusa da Maraɗi a 1928. Faransawa ba su taɓa sakin jiki da su ba, ganin masu jin Ingilishi ne kuma daga Nijeriya suka ɓullo, zargin ya ƙara tsanani lokacin yaƙin duniya na biyu. A 1927 ƙungiyar ta shiga Habasha, inda Italiyawa suka kore su a 1937 suka bar mabiya ƴan ƙalilan a kudancin ƙasar, da suka dawo bayan ƴan shekaru suka tarar sun zama dubbai ba tare da Bature ko ɗaya ba. Shi Bingham ya sake zuwa Afirka sau da dama, amma a matsayin shugaba mai zagayen duba aiki.

In aka auna da burin da samarin 1893 suka fito da shi, wato juyar da Musulmin ƙasar Hausa, to abin da aka samu kaɗan ne. Hausawa sun karɓi magani, sun gode, mafi yawansu kuma sun riƙe addininsu. Shi ma Bingham bai taɓa ɓoye cewa asibiti da makaranta hanya ce ta wa'azi a gunsa ba, kuma rubuce-rubucen mishan na wancan zamani suna da kalamai masu zafi a kan Musulunci waɗanda ba za su yi wa mai karatunmu daɗi ba. Amma mu a ganinmu ba a rage masa abu guda, mutum ne da bai tara wa kansa ba, kuma ya riƙe amanar kuɗin talakawa har ƙungiyar ta ratsa matsin tattalin arzikin duniya na shekarun 1930 tana ƙaruwa maimakon raguwa.

Ciwon zuciya ya kama shi a Toronto yana shirin bikin cikar aikin shekara 50, ya rasu ranar 8 ga watan Disamba na 1942, saura kwana 11 ya cika shekara 70. A lokacin SIM tana da ma'aikata kimanin 400. Littafin da ya rubuta na tarihin aikin, Seven Sevens of Years and a Jubilee, ya fito a 1943, shekarar da aka buɗe asibitin ido na Kano. An buɗe asibitin Galmi a 1950, sai wurin jinyar kutare na Danja a kan hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa a 1956, inda aka ƙara asibitin mata masu yoyon fitsari a 2012. Majami'un da suka fito daga aikin a Nijeriya sun haɗu sun zama ECWA a 1954, kuma tun 1948 suna da ƙungiyarsu ta aika masu bishara ƴan ƙasa, waɗanda baikon majami'un gida ke ɗaukar nauyinsu. A 2005 ECWA ta kafa jami'a a Karu ta jihar Nasarawa ta sa mata sunan Bingham, asibitin Jankwano na Jos kuma shi ne ya zama asibitin koyarwa na jami'ar.